Satin da na saya a Makka

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu sai in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina me ya kawo ni. Amma akwai abu guda da ko da sabulu da soso aka wanke kan nan nawa ba zai fita ba, wato yadda ni, Bakano ɗan Bakano, jikan masu auna hatsi, na zaro kuɗin gumina na sayi sati guda. Ba gida ba, ba fili ba. Sati. Wannan kam har a rufe ni da ƙasa ina tune da shi.

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, ina Riyad ina tuƙa wani attajiri mai sayar da kayan gini. Shi ne kafilina, wato wanda ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar. Fasfona yana kulle a durowar ofishinsa, kamar yadda ake yi wa kowane ma'aikaci a lokacin. Ba ka fita ƙasar sai da sa hannunsa. Ina kwana a unguwar talakawa ta Al-Naseem, a ɗaki ɗaya da wasu 'yan uwa Hausawa, magina da direbobi. Bokona aji uku ne na firamare, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaron bayan makaranta na yi shi. Amma ina ji da kaina. Kullum ina gaya wa abokan kwanana cewa ba a haifi wanda zai cuce ni a ciniki ba.

Na bar matata da ciki na taho. Ta haihu a bayana, namiji. Hutun da ya kamata in tafi gida na ɗage shi, wai don in ƙara tara abin da zan sayi fili. Ku riƙe wannan, domin kuɗin filin ne suka zama sati.

Wata rana da la'asar, ana saura kaɗan a shiga azumi, na kai maigida wani babban otal yana da baƙi. Ya ce in jira. Ina zaune a harabar sai na hango wani zaure a buɗe, sanyin na'ura yana fitowa, ga tebur shaƙe da dabino da kek da lemo mai ƙanƙara, mutane suna shiga suna ci ba wanda ya tambaye su kuɗi. Na ce yau ga banza ta faɗi. Na gyara hula na kutsa. Niyyata in cika ciki in fito. Kwaɗayi mabuɗin wahala, an faɗa mana tun muna yara, amma ni a ranar aka faɗa ina kan mangwaro.

Ina cikin kek na uku sai wani mutum mai kwat, yana ƙamshin turare, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce mini "ya ustaz". Tun da na zo ƙasar ba wanda ya taɓa kirana ustaz. "Kai direba" aka sani. Ya ja ni gaban wani akwatin gilashi, a ciki ga ɗan ƙaramin bene da aka sassaƙa, har da 'yan fitilu. Ya ce wannan gini ne a Makka, ana ƙarasa fentinsa, daga ƙofarsa zuwa Harami tafiyar ƙafa ce. Ya ce ba sai ka sayi ɗaki gaba ɗaya ba. An raba shekarar kowane ɗaki sati-sati, kowa ya sayi nasa, in satinka ya zo ɗakin naka ne, kowace shekara, har ka bar wa 'ya'yanka. Na ce a raina, ai wannan adashi ne, kowa da ranar ɗaukarsa. Na gane sarai.

Sai ya ɗauko kalanda ya ɗora yatsa. Ya ce, "Ka ga wannan satin? Bana cikin goman ƙarshe na azumi ya faɗo. Ka san nawa ake kama ɗaki a Makka a goman ƙarshe?"

Wa bai sani ba? A goman ƙarshe mutane a bakin titi suke shimfiɗa kwali. Nan take lissafi ya fara gudu a kaina. Shekara guda in shiga da kaina in yi ibada kamar attajiri, shekara guda in ba da haya in kwashi riyal, kafin ka ce kwabo na sayi fili uku. Tsakani da Allah mutumin bai yi mini ƙarya ba. Bana ya ce. Ni ne ban tambayi baɗi ba. A garin da ake biyan albashi da lissafin wata, takardar zama da lissafin wata, hutu da lissafin wata, ko a mafarki ban kawo cewa akwai wani lissafi daban ba. Ya ce shiga sai shekara mai zuwa, saboda fenti. Na ce ba komai, mai haƙuri yakan dafa dutse. Da aka zo wurin adireshi na ba da na ofishin maigida da lambar wayarsa, don kada su ga Al-Naseem su raina ni. Kashegari na kai kuɗin filin cif. Suka ba ni takarda mai zanen zinare a gefe, da kyautar agogon bango.

Shekarar nan ba wanda ya huta da ni. A ɗaki, in aka yi gardamar ko wa zai wanke tukunya, sai in ce ku ji tsoron Allah, mai gida a Makka ne zai wanke muku tukunya? Na ɗauki kaset na aika gida, na ce a gaya wa dangi Allah ya yi mini muhalli a maƙwabtan Ɗakin Allah. Kalmar sati ban saka ta a kaset ɗin ba, na ga za ta cinye wuri. Na yi wa mutum huɗu alkawarin za mu tafi tare. Wani magini, dattijo mai yawan shiru, shi kaɗai ya ce mini, "Kai dai ka ga ɗakin da idonka?" Na ce na ga ƙaninsa a cikin gilashi. Ya ce, "To, Allah ya sa ba cinikin biri a sama ka yi ba." Na ce hassada ce.

Azumi ya zagayo. Da aka kai tsakiya na sa farar jallabiyata na tafi ofishin kamfanin a unguwar Malaz karɓar mabuɗi. Akawun ya duba takardata, ya duba bango, ya ce, "Ai satinka bai zo ba. Sai bayan Sallah."

Na ce, "Bayan wace Sallah? Ni goman ƙarshe na saya."

Ya ce, "A'a. Kai sati na biyu na watan Yuni ka saya."

Na ce, "Ina ruwana da Yuni? Ni na taɓa yin wata hulɗa da Yuni?"

Ya zaunar da ni, ya yi mini bayani a hankali kamar mai lallashin mara lafiya. Ya ce kamfanin da kalandar Bature ya raba satuttukansa, don daga can aka kwaso tsarin. Shekarar wata kuwa ta fi ta Bature gajarta da kwana goma da ɗoriya, saboda haka kowace shekara azumi yana matsowa gaba, sati na kuwa yana nan tsaye inda aka kafa shi. Bara sun haɗu, bana sun rabu.

Jama'a, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san wannan. Kowace tsohuwa a ƙauyenmu ta san azumi yana zagayawa, wata shekara a yi shi da zafi, wata da damina, wata da sanyi. Ni kaina na yi azumin damina ina saurayi. Amma da kek a bakina da ustaz a kunnena, ilimin ya tafi kiwo.

Na ce, "To yaushe za su sake haɗuwa?"

Ya ce, "Nan da shekara talatin da 'yan kai."

Na ce, "To ajiye mabuɗin, jikana zai zo ya karɓa."

Na fito rana tana dukana, ga azumi a baki, ko ruwan da zan haɗiye takaici babu dama. A ɗaki kuwa, kafin a sha ruwa na samu sabon suna. Alhaji Mai Sati. Wannan ya ce in ara masa Talata zai dawo mini da ita, wancan ya ce ko Larabar ta fi araha. Dattijon nan magini kuwa ya dai miƙo mini dabino, wanda ya fi zagi ciwo. Satin ya zo bayan Sallah, lokacin da iyalan maigida suke yawon gaishe-gaishe tun safe har yamma, ba ranar da direba zai ɗaga ƙafa. Na nemi mai haya, aka ce wa zai kama ɗaki a Makka bayan kowa ya watse? Satina ya zo ya wuce, ni da shi ko gaisawa ba mu yi ba.

Na ɗauka iyakar wahalar ke nan. Ashe sati yana cin abinci. Bayan 'yan watanni kamfanin ya aiko cewa in biya kuɗin kula da gini na shekara: shara, ruwa, na'urar sanyi, da lif mai hawa da mutane sama. Na ce ɗakin da ban taɓa kwana ba, wace shara na tara a ciki? Na ƙi biya. Su kuwa suna da lambar waya, wadda ni da hannuna na ba su.

Wata safiya maigida ya kira ni ofis. Mutum ne mai barkwanci, amma ranar fuskarsa ba annuri. Ya ce, "Ya Hajji, zauna. Wasu mutane suna bugo mini waya kullum, suna neman wani ustaz mai gida a Makka. Na ce musu ni a nan siminti nake sayarwa. Kai ne ustaz ɗin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, haka suka ce."

Da na kwashe labarin na gaya masa, ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Sai kuma ya tsuke fuska. Ya buɗe durowa ya nuna mini fasfona, ya mayar ya kulle. Ya ce, "Ni ne kafilinka. In ka tafi gida ka ƙi dawowa, wuyana za su kama, kowace shekara, har abada. Ka kawo mini shaidar cewa sunanka ya fita daga wannan abu, in sa maka hannu ka tafi hutunka. Kafin nan, babu."

A makon nan kaset ya zo daga gida. Na sa a rediyo na kwanta ina ji. Matata ta gama gaisuwa, ta gama labarin unguwa, sai ta ce, "Yaron nan fa ya yi baki. Ƙanenka yake kira Baba. Na hana shi ya ƙi." Sai na ji wata 'yar murya a bayanta tana neman a ba ta ruwa. Na mayar da kaset ɗin baya na sake ji, na sake mayarwa. Ranar ba wanda ya kira ni Mai Sati a ɗakin.

Daga nan na shiga tallar sati. Na fara da kamfanin. Mai kwat ɗin nan da ya riƙe hannuna da hannu biyu, yanzu da yatsa ɗaya yake nuna mini kujera. Ya ce su sayarwa suke yi, ba sa saye. In ina so za su sa sunana a layin masu neman mai saye, amma sai na biya kuɗin shiga layin. Na tambayi mutum nawa ne a layin, ya ce da dama. Na tambayi nawa aka sayar wa, ya ce yana da baƙo.

Na tafi kasuwar gwanjo, inda ake sayar da komai daga tsohuwar firji har ƙofar banɗaki. Na samu wani tsohon dillali yana zaune kan katifa.

Ya ce, "Ina kayan?"

Na ce, "Yana Makka."

"To kawo shi."

"Ba ya ɗaukuwa."

"Gida ne?"

"Kusan haka. Sati ne."

Ya kalle ni daga hula har takalmi. Ya ce, "Wanda ya wuce ko mai zuwa?" Sannan ya ce, "Ɗana, ni abin da zan ɗaga sama mutane su gani su taya nake sayarwa. In kana da agogo ko rediyo, kawo."

Na bi 'yan uwana direbobi, kowa ya riga ya ji labari. Na rage kuɗi zuwa rabi, na rage zuwa rabin rabi. Duk wanda ya fara sha'awa, da ya ji akwai kuɗin shekara sai ya tuna yana da uzuri. Nan na gane ba kadara na saya ba, baki na saya, wanda ba ya ƙoshi.

Azumi ya sake zuwa ya wuce ina wannan yawo. Ƙarshe na tuna da wani likita ɗan Najeriya da yake zaune a Malaz, wanda ya taɓa duba ni da ciwon ciki ya dame ni. Bazazzagi ne, saboda haka duk inda muka haɗu sai mun taɓa wasa. Na same shi bayan sallar Juma'a, na bi shi har gida. Na baza masa duk zaƙin bakin da aka baza mini, har da ƙari. Yana ji yana shan shayi.

Da na gama ya ce, "Oh, Kano! Ko da me ka zo an fi ka. Yau ga Bakano ya sayi iska a kwalba, ya kawo wa Bazazzagi."

Na ce, "Likita, yau ba ranar wasa ba ce. Bawanka ne ni har magariba."

Ya karɓi takardar ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, abin da ban taɓa ganin wani ya yi mata ba. Ya shiga taɓa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya yana lissafi. Ya ce asibitinsu da lissafin Bature yake ba da hutu, kuma a Yuni nasa yake faɗowa, matarsa Hajiya ma ta daɗe tana son su je su yi kwanaki. Na gyara zama. Na ce nawa zai bayar?

Ya ce, "Ko sisi."

Na ce, "Likita!"

Ya ce, "Ni zan ɗauke maka kuɗin shekara daga yau, wannan shi ne farashin. Bashin baya kuma kai za ka biya kafin a juya suna. Sannan ni ba na son doguwar tuƙi. Satin ya kusa, kai za ka kai mu."

Wato in ba shi kyauta, in yi ciko, in kuma yi dako. Na buɗe baki zan yi gardama irin ta gado, sai 'yar muryar nan ta cikin kaset ta faɗo mini. Na ce na sallama. Na koma wurin tsohon dillalin da rediyona da atamfofin da na tara na tsaraba. Ya ce, "Yauwa, yanzu ka zo da magana." Na biya bashin, aka juya suna, na kai wa maigida shaida. Ya sa hannu a takardar hutuna, ya ce in kai likita in dawo in karɓi fasfo.

Haka na kwaso likita da Hajiya da yara a motarsu, muka keta hamada cikin zafin da yake narka kwalta. Muka ɗaura harami a hanya, muka shiga Makka. Ga ginin nan kuwa, da gaske akwai shi, sai dai tafiyar ƙafar da aka ce, ƙafar raƙumi ake nufi. Muka shiga, mai gadi ya ce lif ya lalace tun kafin azumi. Lif ɗin da na sayar da rediyona na biya wa kuɗin gyara. Ɗakin kuma yana can hawa na sama. Na ɗora akwatin Hajiya a ka, na rataya jaka a kafaɗa, ina riƙe da zanen harami da hannu ɗaya kada ya kwance. Haka na shiga gidana na Makka, shigar farko kuma ta ƙarshe, da kayan wani a kaina.

Ɗaki ne madaidaici, gado biyu da 'yar firji. Na leƙa taga in ga Harami, na ga bangon maƙwabta. In ka zuro wuya sosai ka karkata hagu, kana iya hango kan hasumiya ɗaya. Na zauna a ƙasa ina haki. Likita ya miƙo mini ruwan sanyi.

Ya ce, "Bakano, in tambaye ka. Da aka ce maka azumi ya wuce satinka, ka tambayi abin da yake biye da azumi?"

Na ce, "Sallah."

"Bayan ta fa?"

Na kai ruwan baki.

Ya ce, "Wata yana tafiya, satin yana tsaye. Azumi ya zo ya wuce shi. Aikin Hajji yana baya yana tahowa. Nan da shekara biyar ko shida, in kamfanin yana raye kuma bai sauya doka ba, ranakun Hajji za su faɗo cikin satin nan."

Ruwan ya sarƙe ni. Rashin lissafin wata ya sa na saya, rashin lissafin wata ya sa na bayar. Rami ɗaya, na faɗa ta gaba, na fito na zagaya na sake faɗawa ta baya. Hajiya ta juya fuska tana gyaran mayafi, amma kafaɗunta suna rawa.

Likita ya ce, "Ban son ka ce Bazazzagi ya cuce ka a gari mai alfarma. In kana so, mu koma Riyad a mayar maka da sunanka. Ka ci gaba da biyan kuɗin shekara, ka jira."

Wallahi sai da Bakanon cikina ya motsa. Na fara ganin riyal suna shawagi kamar ranar kek. Amma mayar da suna yana nufin fasfo ya ci gaba da zama a durowa. Shekara biyar, da "in" guda biyu a gabanta, ga yaro can yana girma da Baban aro. Na shanye ruwan na miƙe. Na ce, "Likita, Allah ya sanya albarka. Ko Arfa ce za ta tashi ta dawo cikin ɗakin nan, na bar maka."

Na isa gida ba atamfa ba rediyo, sai 'yar jaka. Yaron ya gan ni ya ruga bayan uwarsa yana kuka, ya ce a kori mutumin nan. Sai da na yi kwanaki ina saye shi da alewa kafin ya yarda ya hau cinyata. Wannan cinikin kam na ci riba. Ko satin ya kai ga Hajjin, ko kamfanin ya kai labari, ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Likita ya bar ƙasar, ni ma daga baya na tattara na dawo. Akwai labarin da rashin jinsa ya fi lafiya ga mai hawan jini.

Yanzu ina jin yara suna zancen irin wannan ciniki, wai ka sayi kwanakinka na hutu a Dubai ko wani bakin teku, suna tambaya ko ya cancanci kuɗinsa. Ni ba malami ba ne, amma na biya kuɗin makarantar nan. Wanda hutunsa yake hannunsa, kuɗin shekara ba ya yi masa nauyi, kuma ya tabbata zai je wuri ɗaya a lokaci ɗaya har ya tsufa, wataƙila ya ci moriya. Irinmu kuwa da ranakunmu suke aljihun wani, gara ka kama ɗaki ranar da ka samu zuwa, ka biya, ka fita, kowa ya kama gabansa. Abin da na koya shi ne, kafin ka tambayi nawa ake sayar da abu, tambayi wa zai saye shi daga hannunka ranar da ka matsu. In mai sayarwa ya ce yana da baƙo, ajiye kek ɗinsa ka nemi ƙofa.